Derail: jirgin ya kauce ne, ya goce, ko kuwa ya kife?

Wata yamma, shekarun baya, labari ya shigo ɗakin da nake aikin fassara. Layi uku ne kacal da Turanci, yana cewa wani jirgin fasinja "has derailed" kusa da wata ƙaramar tasha. Saura minti goma a karanta labarai. Na ja takarda na rubuta: "Wani jirgin ƙasa ɗauke da fasinjoji ya kife." Haka aka karanta shi. Ba a jima ba wayar ofis ta yi ƙara. Wata dattijuwa ce, muryarta na rawa: "Ɗan nan, don girman Allah ka gaya mini gaskiya, mutum nawa suka rasu? Autana yana cikin jirgin nan." Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, ba ni lambarki in bincika." Da na bincika, ashe ƙafafun tarago ɗaya ne suka sauka daga kan ƙarfe suka hau tsakuwa. Jirgin yana nan tsaye a kan ƙafafunsa, ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Na kira ta na shaida mata. Ta daɗe tana hamdala, sannan ta ce, "To, ɗana, me ya sa kuka ce ya kife?"

Tun daga ranar ban sake ɗaukar wannan kalma da wasa ba. Duk wanda ke fassara labarai, ko yake koyar da Turanci, ko yake rubuta wasiƙar ofis, sai ya yi kiciɓis da derail, kuma ƙamus ba zai raba masa gardama ba, don kalmomin Hausa da za su iya tsayawa a gurbinta sun fi goma, kowace da inda take kai mai sauraro.

Ba a littafi na fara fahimtar abin da kalmar ke nufi ba. A Zariya ne, wajen wani tsoho maƙwabcinmu da ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya. Wata rana ya kai ni inda aka ajiye wani tsohon tarago, ya sa na durƙusa, ya kama hannuna ya ɗora a gefen ciki na ƙafar ƙarfen. Akwai wani leɓe da ya zagaye ta, tsayinsa bai fi faɗin yatsu biyu ba. Ya ce, "Ka ji wannan? Shi ke nan abin da ke tsakanin jirgi da daji." Na ce, "Baba, to direba fa?" Ya ce, "Direba yana da gudu, yana da birki. Sitiyari ne ba shi da shi. Dogo ne ke tuƙa jirgi, yaro." Ya kuma nuna mini cewa fuskar ƙafar ba a miƙe take ba, ta ɗan zurma ta waje kamar gindin bokiti, kuma wannan zurmawar ce ke sa jirgi ya riƙa komowa tsakiya da kansa idan ya ɗan karkata. Inda ƙafa ke taɓa ƙarfe kuwa bai fi farcen babban yatsa ba.

Ma'anar derail ta asali ba ta wuce nan ba: wannan leɓen ya haye ƙarfe, ko ƙarfen ya karye ko ya buɗe, ƙafa ta bar inda aka yi ta don ta bi. Ko ƙafa biyu ce ta sauka a cikin tasha jirgi yana tafiyar hawainiya, ko taragai goma ne suka zube a kwazazzabo, Bature da kalma ɗaya zai kira su. Kalmar ba ta faɗin girman ɓarna, ba ta faɗin ko an mutu, ba ta faɗin ko jirgin ya faɗi. Abu biyu kawai take tabbatarwa: ya bar layinsa, kuma ba zai koma da kansa ba sai an kawo jak ko ƙugiya an ɗaga shi. Mota in ta saki hanya, direba na iya murza sitiyari ya dawo da ita. Jirgin ƙasa ba shi da wannan gatan.

A duba tazarar da ke tsakanin abubuwan da kalmar guda ta rufe. A watan Janairun 2023 jirgin da ke tsakanin Kaduna da Abuja ya sauka daga layinsa a wajen Kubwa, fasinjoji suka fito da ƙafafunsu suka nemi mota. A Eshede ta ƙasar Jamus kuwa, ranar 3 ga Yunin 1998, zoben ƙarfen da ke jikin ƙafa ɗaya ne ya tsage jirgi yana gudun kilomita 200 a awa, taragai suka bar layi suka daki ginshiƙin wata gada, gadar ta rufta musu, mutum 101 suka mutu. Jaridun Turanci derail suka ce a can, derail suka ce a nan. Saboda haka mai fassara da ya ga kalmar ita kaɗai bai san komai ba tukuna game da girman abin, kuma bai halatta ya ƙara abin da ba a gaya masa ba.

Kalmar da kunnen masu sauraro ya fi sabawa da ita ita ce "kauce". Jirgi ya kauce daga kan layinsa. Tana da kyau, ba ta tayar da hankali, ba ta kuma yi wa labari ƙari. Rauninta biyu ne. Na farko, a maganar yau da kullum kaucewa tana tafiya da niyya: ka kauce wa mota, ka kauce wa rigima, kamar kai ka ga dama. Na biyu, in aka gajarta aka ce "jirgi ya kauce hanya", mai sauraro na iya zaton layin Kano ya kamata ya bi sai ya bi na Jos. Wannan kuwa wani abu ne dabam, jirgi yana kan ƙarfe lafiya lau, sai dai an karkatar da shi a wurin canjin layi. Don haka in za a yi amfani da "kauce", a cika ta: daga kan dogo, ko daga kan layinsa.

"Sauka" ta fi ta zana hoton abin da ya faru. Ƙarfen dogo a ɗage yake, ƙafa in ta bar shi ƙasa take yi, ta hau katakai ko kankaren da aka gicciya, ta nutse cikin tsakuwa. Tsohon nan na Zariya ita yake amfani da ita, "tarago ya sauka", kuma in ma'aikata suna magana tsakaninsu ba su bukatar ƙarin bayani. Amma a fili tana da haɗari, domin a kunnen Bahaushe "jirgi ya sauka" labari ne mai daɗi, na alhazai sun iso filin jirgin sama. Ba a barin ta ita kaɗai. "Taragai uku sun sauka daga kan layi" ita ce jimlar da na fi yarda da ita a cikin jikin labari, musamman in an san adadin taragan.

Sai "goce". Ita ce ta fi kusa da ruhin kalmar Turancin, a ganina. Gocewa ba a yin ta da gangan, farat ɗaya take zuwa, kuma tana nuna abu ya bar daidai inda ya kamata ya zauna, kamar yadda ƙashi ke gocewa daga gaɓa, ko gatari ya goce daga itace. Ga ta gajeriya, ta dace da kanun labari: "Jirgin ƙasa ya goce daga layi a kusa da Kubwa." In wuri ya yi ƙaranci, ita nake ɗauka. "Zame" kuwa, duk da kusancinta, ba na son ta a nan. Zamewa tana kawo santsi a rai, kuma ƙafar jirgi tana iya zamewa a kan ƙarfe in an yi ruwa, ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, ba tare da ta bar layi ba.

"Kife", "tuntsure" da "wuntsila" ba fassarar derail ba ne ko kaɗan. Turanci yana da tasa kalmar ta wannan, overturn, kuma in abin ya kai haka, labarin zai faɗa. A Eseka ta ƙasar Kamaru, ranar 21 ga Oktoban 2016, jirgin da ya taso daga Yawunde zuwa Duwala ya cika maƙil, don ruwa ya yanke babbar hanyar mota tsakanin biranen biyu, aka ƙara masa taragai don ya kwashi jama'a. Ya goce daga layi, wasu taragan suka tuntsura cikin kwari, hukuma ta ce mutum 79 suka rasu. A irin wannan labari ana bukatar kalmomin biyu a jere, kowace da aikinta: ya goce, sannan taragai suka kife. Haka ma na Santiyago a ƙasar Sifen, ranar 24 ga Yulin 2013, inda jirgi ya shiga kwanar da aka ƙayyade wa kilomita 80 a awa da gudun da ya haura ninki biyu. In aka ce "ya kauce" aka yi shiru a nan, an rage wa labari nauyi, kamar yadda na ƙara masa nauyin da babu a waccan yammar.

"Ya yi hatsari" mafaka ce ta mai gaggawa. Ba ƙarya ba ce, amma ba ta gaya wa kowa komai, kuma uwar da ɗanta ke cikin jirgi mafi munin abu za ta hango. "Karo" da "taho-mu-gama" kuma na collide ne. Abin da ya faru a Ikeja ranar 9 ga Maris 2023, da jirgin ƙasa ya kwashi motar bas ta ma'aikatan gwamnatin Legas a mararraba, labarin karo ne, kuma da sunan karo ya kamata a ba da shi.

Akwai wani tarko a nahawu da na ga ya kama ƙwararru ma. Derail tana aiki ta fuska biyu ba tare da ta canza sura ba. Ana cewa "the train derailed", jirgin ne da kansa. Ana kuma cewa "they derailed the train", wasu ne suka yi masa. Hausa ta fi Turanci tsabta a nan, don tana raba su a jikin kalma: kauce da kautar da, karkace da karkatar da, wargaje da wargaza. Matsalar tana zuwa ne da sura ta uku, "the train was derailed". Hannu yakan yi saurin rubuta "an kautar da jirgin". To amma "an" ɗinmu mutum take nunawa, ko da ba a ambace shi ba. Da zarar ka ce "an kautar", mai sauraro zai tambaya su wane ne. Turawan Ingila kuwa sukan yi wannan jimla ko da zaftarewar ƙasa ce, ko karyewar ƙarfe, ko saniya a kan layi. Sai a karanta gaba a ga abin da ya biyo bayan "by". In ambaliya ce, a ce ambaliya ta sa jirgi ya goce. In ba a faɗi sanadi ba, a bar shi a "ya goce", kada a ɗora wa wasu laifin da labari bai ɗora musu ba.

Inda "an" ta zauna daram shi ne irin abin da ya faru daren 28 ga Maris 2022, lokacin da 'yan bindiga suka dasa abin fashewa a layin Abuja zuwa Kaduna, suka tsayar da jirgi da ƙarfin tsiya, suka kashe mutane, suka tafi da fiye da 60 daji. Rukunin ƙarshe ba su fito ba sai watan Oktoba, jirgin kuma bai koma aiki ba sai Disamba. Wanda ya fassara wannan da "jirgi ya kauce daga layinsa" ya zalunci waɗanda abin ya shafa, don ya mai da ta'asa ta zama tsautsayi. Kai masa hari aka yi, aka fasa layi, aka kautar da shi.

Asalin kalmar ɗan yawo ne tsakanin maƙwabta biyu. Faransawa suka ari "rail" daga Ingila lokacin da jirgin ƙasa ya tsallaka musu, suka liƙa mata ɗafin da ke nuna rabuwa, suka sami dérailler. Wajen shekarar 1850 Turanci ya aro ta ya mai da ita derail. Ana furta ta "direl", da nauyi a gaɓar ƙarshe, sunan aikin kuma derailment. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci sun san ta ta wata fuskar. A bakin Bafaranshe, in aka ce wa mutum "tu dérailles", ana nufin maganarsa ta fara fita daga hankali. Kuma a Faransanci abu ne ke yin dérailler da kansa, in wani ne ya jawo sai an ƙara faire a gaba. Wanda ya saba da wannan ya lura, Turancin ba ya bukatar ƙarin komai. Daga wannan tushen ne kuma aka sami sunan ɗan ƙarfen nan na keke mai giya, wanda ke ɗauke sarƙa daga wannan haƙori ya ɗora ta a wancan.

Amma in ka ƙirga sau nawa kake haɗuwa da derail a jarida cikin wata guda, za ka tarar mafi yawansu babu jirgi a ciki. Tattaunawar sulhu ce, ko shirin gwamnati, ko kamfen, ko karatun wani, ko farfaɗowar tattalin arziki. A nan ne zaɓi ya fi wuya, kuma a nan na fi ganin fassarar da ke sa mai karatu ya yamutsa fuska, irin su "rikicin ya sauke tattaunawar daga kan layin dogo". Bahaushe ba ya magana haka. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, ya kwashi gyaɗa da auduga da fatu shekara da shekaru, amma bai shiga cikin karin maganarmu yadda ya shiga na Turawa ba. Mu da turba da hanya da ruwa muke misali. Shawarata ita ce a ajiye jirgin gaba ɗaya, a riƙe abin da yake nufi: abu yana tafiya a kan tsari, yana da inda ya dosa, sai wani abu ya fitar da shi ta yadda ba zai ci gaba ba sai an yi aikin gyara.

Misali biyu daga tarihin zaɓen Nijeriya sun isa su nuna iyakar kalmar. A 2015 an ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. Mako shida aka ƙara, aka yi zaɓe, aka miƙa mulki ranar 29 ga Mayu kamar yadda aka tsara. Wannan jinkiri ne, delay ko postpone, kuma duk wanda ya kira shi derail ya yi zuzutawa. A 1993 kuwa an yi zaɓen 12 ga Yuni, aka soke shi, aka kafa gwamnatin riƙo, kafin ƙarshen Nuwamba soja ya sake karɓe komai, farar hula ba su ga mulki ba sai 1999. Wannan shi ne derail da hujja. Hausarsa: soke zaɓen ya wargaza shirin miƙa mulki. "Kawo cikas" ta yi masa kaɗan, "kawo tsaiko" ma haka, don cikas ana tsallake shi a wuce, tsaiko kuma ana tashi daga gare shi a ɗora daga inda aka tsaya.

"Wargaza" ita ce dokin da na fi hawa in abin ya riga ya faru kuma babu hannun kowa a fili. Annobar korona ta wargaza shirin maniyyata a 2020, lokacin da Saudiyya ta rufe ƙofa ga alhazan ƙasashen waje, har shekarar da ta biyo baya. Mutum ya sayar da shanu, ya biya kuɗin kujera, an yi masa bita, sai ga shi a gida ranar Arfa. In kuwa tattaunawa ce ta lalace da kanta, muna da kalmomin da suka fi Turancin armashi: ta wargaje, ta ci tura, an tashi baram-baram, an tashi a tutar babu. "Cije" dabam take, tattaunawar da ta cije tana nan da rai, ta tsaya ne kawai, kuma Turancinta stall ne ko deadlock.

A lura da yadda 'yan jarida ke son haɗa ta da "threatens to" ko "could". Abin bai faru ba, ana hange ne. A nan "na neman wargaza" ko "na barazanar rusa" sun wadatar, kuma sau da yawa "na iya dagula" ta fi dacewa da ainihin girman maganar, domin masu rubuta kanu suna son derail saboda gajartarta da ƙararta, ba lallai don abin ya kai haka ba.

Sai batun niyya. "Ƙafar ungulu" da "zagon ƙasa" suna da daɗin faɗa, suna kuma jan hankali, shi ya sa hannu ke yawan kai musu. Amma dukansu suna cewa akwai wani da ya zauna ya ƙulla. Turancinsu sabotage ne da undermine. Derail ba ta rantse da haka ba. Rauni a gwiwa yana iya derailing rayuwar ɗan ƙwallo, gwiwa kuwa ba ta da makirci. In jimla ta ce 'yan adawa "are trying to derail the bill", to akwai niyya, "suna neman yi wa ƙudirin ƙafar ungulu" ta yi daidai. In ta ce faɗuwar farashin mai "derailed the budget", sai a ce ya dagula lissafin kasafi, ko ya wargaza shi. Tambaya ɗaya ce da ta "an" ɗin can: akwai mutum a bayan abin, ko babu?

Wanda kuma Turancin zai rubuta, ba fassarawa ba, yana da nasa zaɓin tsakanin 'yan gida ɗaya. Mafi kusa ita ce sidetrack, wadda ita ma daga reluwe ta fito: ɗan gajeren layin nan na gefe da ake tura tarago a ajiye shi don babban jirgi ya wuce. Tarago a can bai lalace ba, yana kan ƙarfe, ana iya jawo shi a kowane lokaci. Saboda haka in kana taron unguwa kan gyaran rijiyar burtsatse, wani ya sako zancen ƙwallon jiya, aka ɓata minti goma sannan mai unguwa ya ce a dawo kan magana, an yi sidetracking ɗinku ne, wato an yi ratse, zance ya karkata. In kuwa wani ya tayar da tsohuwar rigimar fili, murya ta ɗaga, dattawa suka kaɗe riguna suka fice, ba a sake maganar rijiya ba, to ya yi derailing taron. Ya tarwatsa shi. Bambancin shi ne ko an dawo.

"Go off the rails" ta fi zama a kan mutum. Yaron da yake zuwa makaranta, yake sallah a kan lokaci, sai ya faɗa cikin abokan banza ya fara kwana a waje, shi Ingilishi zai ce "he went off the rails". Mu mu ce ya fanɗare, ko ya lalace, ko ya saki hanya. "Kangare" ta ɗan bambanta, ita taurin kai ce da ƙin jin magana, ba lallai a ce da can yana kan turba ba. Na lura a Turancin Nijeriya ana yawan cewa "he has derailed" ko "the party has derailed", ana nufin mutum ko jam'iyya sun bar aƙidar da aka san su da ita. A gida kowa zai gane, kuma ban ga laifinsa a jawabin siyasa ko hira ba. Amma ɗalibin da ke rubuta jarrabawar ƙasashen waje, ko mai aika takarda Landan, gara ya ce "has gone off the rails" in ɗabi'a ce ta lalace, ko "has lost its way" in alƙibla ce ta ɓace, don a can an fi jin derail a kan shiri da aiki, kuma galibi da abin da ya jawo a gabanta.

Nan ne "saki layi" take da gurbi. Ita ce karin maganarmu da ta fi kama da ta Turawa a sura, har mutum ya ɗauka tagwaye ne. Wane ya saki layi: ya faɗi abin da bai kamata ba, ko ya bar abin da ake kai ya kama wani. Ta dace da mai jawabin da ya fara da batun taki ya ƙare da zagin surukansa, ta kuma yi daidai da "tu dérailles" ɗin mutanen Nijar. Amma tana da ɗanɗanon raha, shi ya sa ba na kusantar da ita ga labarin jirgi na gaske. Ba a cewa jirgi ya saki layi a ranar da ake jana'iza.

Sauran 'yan gidan ba su da wahala. "Jump the tracks" ta Amurkawa ce, "come off the rails" da "leave the rails" na Ingila, duk ma'anarsu ta zahiri ɗaya ce da derail. "Back on track" ita ce kishiyarta a magana, an dawo kan turba, al'amura sun daidaita. A aikin reluwe kuwa kishiyar ita ce rerail, mayar da tarago kan layi. Likitocin ƙwaƙwalwa ma sun ari derailment suna kiran yanayin da maganar majiyyaci ke tsalle daga wannan batu zuwa wancan babu zaren da ya haɗa su. In ka gamu da ita a takardar asibiti, kwancewar zaren tunani ake nufi, kuma nan ma ba wurin "sakin layi" ba ne, don lalura ce.

Akwai wata ma'ana guda da ba kasafai ake sanin ta ba, wadda tsohon nan ya nuna mini a bakin wani layin gefe. Wani ƙarfe ne mai kamar takalmi da ake kifawa a kan dogo a kulle da kwaɗo. Turawa suna kiran shi derail ko derailer, suna ne a nan, ba aikatau ba. Aikinsa shi ne, in tarago ya kufce ba direba ya gangaro, ya ɗaga ƙafarsa ya jefar da ita ƙasa kafin ya kai babban layi inda jirgin fasinja ke wucewa, ko inda ma'aikata ke kwance ƙarƙashin wani taragon suna gyara. Na tambaye shi, "Baba, da gangan ake kayar da shi?" Ya ce, "Ba kayarwa ba ne, saukewa ne. Gara tarago ɗaya a cikin tsakuwa da taragai goma a kan mutane." In rahoto ya zo da irin wannan, ba "goce" ba ce kuma ba "ƙafar ungulu" ba ce, sai a rubuta cewa ma'aikata sun sauke taragon daga layi da gangan don kare babban jirgi.

Kwanan baya wata yarinya da ke koyon aiki a hannuna ta kawo mini jimla biyu da suka zo rana ɗaya. Ta farko: "Four wagons of a goods train derailed, no injuries were reported." Ta biyu: "The strike could derail the school calendar." Ta ce, "Malam, kalma ɗaya ce, amma na kasa sa musu Hausa ɗaya." Na ce ta karanta mini abin da ta rubuta. A ta farko ta sa: "Taragai huɗu na wani jirgin kaya sun sauka daga kan layi, babu rahoton wanda ya ji rauni." A ta biyu ta sa: "Yajin aikin na iya dagula jadawalin karatu." Ta tambaya ko ta mai da "dagula" ta zama "wargaza". Na ce ta duba kwana nawa aka ce yajin zai yi. Ta duba, na gargaɗi ne, na kwana uku. Muka bar shi a "dagula", ta miƙa wa mai karantawa.